Hajiya Uku a Kati Ɗaya

Na Allah muke, kuma wajensa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta riga mu ranar Talata da hantsi, tana zaune a kan dardumarta, jim kaɗan bayan ta gama yi wa mai kawo mata ruwa faɗa a kan jarkar da bai wanke ba. Kafin azahar mun kai ta makwancinta mun dawo. Allah Ya jiƙanta Ya ba ta hutu, don a duniya ba ta huta ba, ba ta kuma bar kowa ya huta ba.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Baffa, yayan mahaifina kuma yayanta, wanda shi ne babbanmu yanzu. Jama'a ta zo sosai, na cikin Daura da na Katsina, har da waɗanda suka taso daga Mashi a kan babur. Ina zaune ina karɓar gaisuwa ina sauraron yadda ake yin ta. In mace ta rasu, abin da aka saba faɗa shi ne, baiwar Allah, ba ruwanta. A kan Gwaggo ba wanda ya iya faɗin haka, don ruwanta ya shiga ko'ina. Sai dai mutum ya ce Allah Ya gafarta mata, ya danna kalmar da ƙarfi, sannan ya juyo ya dube ni.

"Likita, sai haƙuri," in ji wani maƙwabcinmu. "Kai ai tun tana raye kake haƙuri da ita."

"Halinta ne kawai," in ji wani. "Ba da mugunta take yi ba."

A cikin gida ma haka. Matata ta ce wata daga cikin dangi ta share hawaye ta ce ita dai tunda take ba ta taɓa ganin wadda ta toshe wa ɗanta hanyar abinci da hannunta ba sai marigayiya, Allah Ya yafe mata.

Bayan la'asar Baffa ya kira ni zaure. Ya ce, "Jibi sadakar uku. In an shafa addu'a zan nemi kowa ya yafe mata, kuma kai za ka fara, da bakinka, a gaban mutane. Duk garin nan an san abin da ta yi maka. Kada ka bar min 'yar'uwa kwance da haƙƙinka a wuyanta."

Na ce, "To, Baffa, na ji." Ban ce zan yi ba.

Abin da ta yi min, wanda duk garin ya sani, shi ne shekara huɗu da suka wuce ta rubuta rahoton da ya sa aka rufe asibitina wata uku. Iyakar abin da aka sani ke nan. Ni kuwa na san sauran, shi ya sa kalmar nan ta yafiya ta yi min nauyi. In na ce na yafe, na yarda laifi ta yi. In kuma na ƙi, dole in faɗi dalili, kuma dalilin ni zai tona.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma da mahaifiyata ta rasu ita ta ɗauke ni. Sunan mahaifinta aka sa min, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, Mai Sunan Malam take ce min, ko da tana riƙe da tsumagiya. Nas ce, ta yi aiki har ta gaji da ganin sababbin likitoci suna zuwa suna koyon allura a hannunta sannan su koma ba ta umarni. Da ta yi ritaya aka sa ta cikin kwamitin da ke zagaya ƙananan asibitoci masu zaman kansu, irin nawa, inda iyali suke zuwa don zazzaɓi da hawan jini da awon ciki. Aikin kwamitin su duba ko ana kula da mutane yadda ya kamata, ko kuwa ana jefa su cikin haɗari. Masu asibitoci suka sa mata suna Duba-gari. Ta ji, ta ce sunan ya yi mata.

Sauran 'yan kwamitin in sun iso, ofishin likita suke wucewa. A kawo musu lemo, su dubi takardun shaida da aka rataye a bango, su yaba fenti. Ita banɗaki take fara shiga. Daga nan ta wuce kwandon shara ta ga inda ake jefa allura, ta zura hannu cikin firjin magani ta ji sanyinsa, ta tambayi mai gadi, ba likita ba, tun yaushe aka ɗauke wuta. Sannan ta ja tsohon hijabinta ta zauna a benci cikin mata kamar ita ma layi take bi.

Akwai wata takarda da ake ba su ta tambayar marasa lafiya ko sun gamsu. Gwaggo ba ta da abin rainawa kamar takardar nan. "Wa ya rubuta wannan?" take cewa. "Bahaushe ko ana laƙƙana masa kalmar shahada, ka ce masa yaya jiki, da sauƙi zai ce maka. Ka ce yaya likita, ya ce yana ƙoƙari. Sai ku tattara da sauƙi ɗari ku ce asibiti ya ci jarrabawa?" Ita abin da take tambaya daban ne. Nuna min maganin da aka ba ki. Sau nawa aka ce ki sha? Na mene ne? In mace ta juya ƙwayar a tafin hannu ta ce ita dai an ce ta sha, to Gwaggo ta samu abin rubutawa.

Duk na san wannan, amma da aka ce kwamiti zai zo wajena kuma tana ciki, sai na saki jiki. Na sa aka yi sabon fenti, na sa aka damo fura irin wadda take so. Ta shigo ta ce, "Likita, ina kwana." Tunda nake ban taɓa jin ta kira ni haka ba, kuma nan take furar ta fita daga raina.

Banɗakina ya tsira, firjina ya tsira. A ɗakin kati aka kama ni.

Ga yadda muke yin kati a lokacin. Mace babba ta zo daga babban gida, mai yankan kati ya tambayi suna, wadda ta rako ta ta ce, Hajiya ce, daga gidan Alhaji mai shanu. Shi kuwa ɗan mutunci ne, ba zai dubi sa'ar uwarsa ya ce mene ne sunanki na yanka ba. In ya tambayi sunan mijinta ta sunkuyar da kai, don ba za ta faɗa ba. Sai ya rubuta abin da aka gaya masa. Gobe wata ta zo daga gidan, ita ma Hajiya ce, sai ya zaro katin nan ya miƙo min. Ni kuma layi ya kai bakin titi, kowace ta rufe jiki ta sadda kai, katin nake kallo fiye da fuskar. Ba wanda ya yi nufin cuta. Ladabi ne muke yi, dukanmu.

Gwaggo ta zaro wani kati mai kauri ta tsaya tana karantawa. Can ta ce, "Likita, zo ka ga ikon Allah. Wannan Hajiyar taka an cire mata mahaifa, bayan shekara ta dawo awon ciki. A nan ta haura saba'in, a nan kuma tana goyo. Wace irin Hajiya ce wannan?"

'Yan kwamitin suka fashe da dariya, ni ma na yi yaƙe. Ita ba ta yi ba. Mata uku ne a katin: mahaifiyar Alhaji, da matarsa, da ƙanwarsa. Ta buɗe shafin ƙarshe ta ɗora yatsa a kan kwanan wata, ta ɗago ta dube ni.

Nan take na gane. Matar Alhaji ce mai ciwon suga, tsohuwar ba ta da shi. A shafin nan da rubutuna na maimaita maganin suga, kuma na tuna sarai wadda ta zo ranar, don sai da aka riƙo ta kafin ta hau dakalin ƙofa. Tsohuwar ce, jiri da kasala suka kawo ta. Bayan kwana huɗu ta sume, ta cika a hanyar babban asibiti. Gwaggo ta je ta'aziyya, shi ya sa ta san ranar. Ni ma na je, na zauna a tabarma na ce wa Alhaji kwana ne ya ƙare.

Da yamma na same ta a gida tana tsince shinkafa. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ki bar min wannan in gyara, ya tsaya tsakaninmu."

"Tsakaninmu da wa? Ni na sha maganin?"

Na ce ba wanda zai iya rantsewa maganin ne ya yi ajalinta, tsohuwa ce, da ma tana fama.

"Ban ce shi ya kashe ta ba," in ji ta. "Rai na Allah ne. Amma hannun da ya rubuta naka ne, kuma akwai kati irin wannan cike da durowa a ɗakin can. Gobe wa za ka ba maganin wani?"

A nan ne na faɗi maganar da har in mutu ba zan daina jin kunyarta ba. Na ce, "Da ke kika haife ni, da ba ki yi min haka ba."

Ta ajiye faifan. Na zaci za ta yi kuka, don na san inda na soka. Sai ta ce, "Da ni na haife ka, da da hannuna zan sa wa ƙofar kwaɗo. Tashi ka ba ni wuri, magariba ta yi."

Ta rubuta komai, har da shafin ƙarshe, ta ce a bincika. Aka rufe ni wata uku sai na gyara kati. Maganar tsohuwa kuwa, da yake ba wanda ya kai ƙara, ta kwanta a cikin fayil. Abin da ya fito gari shi ne Gwaggo ta rufe asibitin ɗanta a kan 'yar takarda. Ina ji ana faɗa, ban taɓa gyara wa kowa ba, don labarin ya yi min daɗi a haka.

Baffa ya kira ta ya yi faɗa, ta saurara har ya gama ta ce Allah Ya huci zuciyarsa. Dangi suka janye jiki. A yi haihuwa ba a gaya mata ba, a yi biki ta ji a bakin maƙwabta. Da matata ta yi mata jaje sai ta ce, "Sun rage min wahalar ɗinkin anko." Amma na san abin ya ci ta, don Gwaggo mace ce mai son taro, ita ce kan gaba wajen tuƙa tuwon suna.

Kwana biyu da rufe asibitin, ina zaune a ciki ni kaɗai, sai ga ta a kan acaɓa da kwali cike da sababbin katuna. Ba ta yi min sallamar sulhu ba. Ta ce, "Zaro min na unguwar Kusugu tukuna."

Gida gida ta riƙa bi, da ƙafafun nan nata masu kumburi. Abin da namiji ba zai iya tambaya ba ita ta iya. Sai ta zauna ta sha ruwa, ta tambayi yara, ta yi tsegumin tsadar gero, sannan ta ce, "Ni kam Hajiya, ranar sunanki da wane suna aka yanka rago?" Mata su yi ta dariya suna rufe baki. Ta rubuta sunan mace da na mahaifinta, ba na miji ba, ta ce miji ana iya sakewa. Har rugagen wajen Mashi ta je, inda kunyar ta fi tamu, a can sai ta tambayi maƙwabciya ta faɗa a madadin mai sunan.  Wata rana wata tsohuwa ta raɗa mata sunanta a kunne sannan ta fashe da kuka, ta ce rabon da wani ya kira ta da shi tun rasuwar uwarta.

Ita ta kawo suna, ni in kwafe tarihin ciwo, muna raba na wannan da na waccan. Wata uku muna zaune teburi ɗaya, ban yi mata maganar da ta wuce ta aiki ba. Ranar da aka buɗe asibitin ta kwashe kofinta da butarta ta tafi. Ban ce na gode ba. Bayan haka ina zuwa gaishe ta da Sallah kamar mai biyan haraji, ita kuwa ta koma ce min Mai Sunan Malam kamar ba a yi komai ba. Sau uku a cikin shekarun nan ta tambaye ni, "Ka je gidan Alhaji?" Sau uku na ce zan je. Daga nan ba ta ƙara tambaya ba.

To ku masu danna kalmar gafara kuna kallona, ku ji da kyau. Iyayenku da matanku ne suke zama a bencin nan nawa. Yau kowace da katinta, da sunanta, kuma ba a miƙa wa kowa ƙwaya sai an kira sunan ta amsa. Ba ni na kawo wannan ba, ni fenti na yi. Matar da kuka daina gaya wa haihuwa ita ta yi, kuma ba ta taɓa buɗe baki ta kare kanta ba, alhali kalma ɗaya za ta faɗa ku bar kanta ku dawo kaina. Ina jin haushinku, amma na fi jin haushin kaina, don a bayanku na ɓuya.

Ranar Alhamis da safe aka taru. Liman ya yi addu'a aka shafa, aka fara rabon waina. Alhaji mai shanu yana zaune a sahun gaba, kusa da liman. Baffa ya gyara murya ya ce marigayiya mutum ce mai zafi, duk wanda ta saɓa wa ya dubi Allah ya yafe mata. Sannan ya ce, "Likita, bismilla."

Na miƙe.  Na ce, "Duk abin da ke tsakanina da Gwaggo na zaman tare, na yafe duniya da lahira, ina kuma roƙon Allah Ya sa ta yafe min nawa, don ya fi yawa. Amma maganar rufe asibiti, ba zan ce na yafe ba, domin ba laifi ta yi ba."

 Baffa ya ce, "Zauna, Likita. Nan ba wurin wannan ba ne."

"Baffa, ka gafarce ni, a nan ka ce in yi magana."

Na juya wajen Alhaji na faɗi komai. Katin, da mata ukun, da maganin sugan da na rubuta wa mahaifiyarsa alhali ba ta da ciwon, da kwana huɗun. Na ce ban san ko shi ne sanadi ba, Allah ne Ya sani, amma na san na rubuta, na kuma zo gidansa na zauna na yi shiru. Na ce wannan ne abin da Gwaggo ta gani, kuma wanda ya kamata ya nemi yafiya a taron nan yana tsaye a gabansu.

Wani ya yi salati. Wani ya tashi ya saka takalmi ya tafi, na kuma san ba zan ƙara ganin iyalinsa a asibitina ba.  Alhaji ya ja carbinsa ya ɗago.

"Na sani, Likita," in ji shi. "Tun kafin a buɗe maka asibiti ta zo gidana ta gaya min. Ta ce haƙƙina ne in sani, kuma in ina son kai ƙara ita za ta raka ni ta nuna min ofishin. Na ce ita me ta gani? Ta ce in zan iya, in ba ka lokaci ka zo da ƙafarka, don ita ta rene ka, ta san za ka zo. Shekara huɗu ina haɗuwa da kai a masallacin Juma'a muna gaisawa."

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Tun ranar Talata ban yi kuka ba sai a nan, a gaban kowa, kuma ban damu ba. Na ce, "Alhaji, ka yafe min."

Ya ce, "Uwar ba tawa ba ce ni kaɗai, mu bakwai ta haifa. Ka zo gida ranar Asabar ka faɗa musu kamar yadda ka faɗa a nan. Abin da suka ce shi ke nan."

Allah Ya haskaka kabarin Gwaggo, Ya karɓi aikinta da ba a gode mata ba, Ya sa ta tarar da sunanta a inda ba a ruɗa shi da na kowa. Yau Juma'a nake wannan rubutu, kuma ban san abin da mutum bakwai za su yanke a kaina gobe ba. Ɗazu Baffa ya aiko a gaya min zai raka ni ya sa baki, tunda shi da mahaifinsu abokai ne. Na ce a gaishe shi, a ce masa na gode, amma ni kaɗai na rubuta takardar maganin, ni kaɗai zan je.